Yawon amarci a tsibiri: kurakuran da ke mayar da hutu ciwon kai

Kowa ya san hoton nan da ke yawo a Instagram, ɗaki a kan ruwa, ruwan garau har kana hango kifi a ƙasa, ango da amarya sun sha fararen kaya suna dariya. To abin da hoton ba ya faɗa muku shi ne a wane wata aka ɗauke shi, kuma nan ne kuskuren farko yake. Mutane sai su ga hoto su zaɓi tsibiri, sannan su cusa tafiyar a satin da ya biyo bayan biki ko wane wata ne. Ai kamata ya yi ku juya lissafin, ku fara duba watan da za ku tafi sannan ku nemi tsibirin da rana ke fitowa a watan.

Maldibs misali, lokacin da ba ruwa sosai daga Disamba ne zuwa Afirilu, daga Mayu zuwa wajen Oktoba kuwa hadari ne da iska, shi ya sa za ku ga farashi ya faɗi warwas a watannin nan kuna murna kun samu araha, alhali arahar da dalilinta. Zanzibar babbar daminarsu Maris ne zuwa Mayu. Morishiyos guguwa ta fi yawa tsakanin Janairu da Maris. Yankin Karibiyan lokacin guguwarsu daga 1 ga Yuni ne har 30 ga Nuwamba. Bali ta ƙasar Indonesiya kuma, ban da ruwan da ake tafkawa daga Nuwamba zuwa Maris, akwai ranar da suke kira Nyepi, yawanci cikin Maris, ranar shiru ce, filin jirgi ma a rufe yake awa 24 kuma ba mai fita titi ko da kai baƙo ne. Ba wai ba a zuwa cikin damina ba fa, ana zuwa, amma ku je da saninku.

Na biyu kuma a kaina ya faru, shi ya sa har yau in na tuna sai na ji haushi. Mun ɗauka da jirgi ya sauka Male, babban birnin Maldibs, shi ke nan mun iso. Ashe da sauran rina a kaba. Maldibs tsibirai ne sama da 1,000 a warwatse cikin teku, otal ɗinmu kuma yana can nesa, sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa ake zuwa, jiragen nan kuwa ba sa tashi da dare. Mu kuma mun sayi tikitin da ya fi sauƙi, wanda ke sauka gab da magariba. Ina tsaye riƙe da akwatuna biyu, oga yana ta goge gumi yana tura wa mutumin kanta wayarsa yana nuna masa takardar kama ɗaki, shi kuwa sai murmushi yake yana nuna mana sama da yatsa, wai duhu ya yi sai gobe. Haka muka nemi wani ɗan ƙaramin masauki a Hulhumale, tsibirin da ke kusa da filin jirgin, muka kwana, ɗakin da muka biya maƙudan kuɗi yana can shi ma ya kwana ba kowa. Daren farko ke nan fa, ko magana ba mu iya yi wa juna ba. Gyaran ba wuya, kafin ku biya tikiti ku tambayi otal ɗin da me ake zuwa wajensu, jirgin ruwa ne ko na sama, ƙarfe nawa na ƙarshe ke tashi, kuma kuɗinsa yana cikin na ɗaki ko daban ne, don sau da yawa daban ne kuma ba ɗan kaɗan ba. Sannan ƙananan jiragen nan suna da iyakar kaya, yawanci kilo 20 ne ga mutum ɗaya ban da 'yar jakar hannu, amarya a rage takalma don Allah, a yashi za ki yini.

Sai tafiya washegarin biki. Jiki ya yi tuɓus, ba barci kwana da kwanaki, sai a ɗora awa goma sha a jirgi. Ku huta ko kwana uku ne, tsibirin ba gudu zai yi ba.

Abinci ma wani tarko ne da ba a ganinsa sai an faɗa. Mutum ya ga ɗaki da karin kumallo kawai ya fi araha sai ya danna, ya manta cewa wasu otal ɗin su kaɗai ne a tsibirin, ba kanti ba kasuwa ba wani gidan abinci a bayan layi, duk abin da za ku sa a baki daga hannunsu zai fito, har ruwan gora a wasu wuraren. A Maldibs kuma farashin da kuke gani a takardar abinci sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba, ana ɗora kashi 10 cikin 100 na hidima sannan harajin gwamnati ya hau kai. A irin wannan wuri tsarin da ya haɗa ci uku a rana ya fi kwanciyar hankali, amma ku sa su rubuto muku abin da ke ciki dalla-dalla. In kuwa wuri ne kamar Bali ko Zanzibar da za ku iya fita ku ci a waje, to biyan komai a otal asara ce. Wanda ke da abin da ba ya ci shi ma ya faɗa tun a imel, a Bali naman alade abinci ne na yau da kullum.

Takardu kuwa, sunan da ke kan tikiti dole ya zama sak da na fasfo. Ango cikin zumuɗi ya je ya rubuta wa amarya sunansa a tikiti, fasfonta kuma yana ɗauke da sunanta na da, a filin jirgi za a tsayar da ku. Ku duba fasfo ɗin ya rage masa aƙalla wata 6. Ku riƙe takardar shaidar aure don otal da yawa ba sa ba da rangwamen amare sai sun gan ta. Maldibs da Seshel suna da fom da ake cikewa a intanet kafin isowa, Zanzibar kuma tun Oktoban 2024 ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ko kuna da wata, sannan in daga ƙasar da ake cutar shawara kuka fito za a iya tambayar katin rigakafi.

Shi kansa tekun ba yadda kuke zato yake ba. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiyani, ruwan yana ja baya sau biyu a rana ya tafi can nesa ya bar muku fili da ciyawar teku, ku fito da shirin wanka ku tarar ba ruwan. Masu son iyo kowane lokaci gara su nufi arewa, Nungwi ko Kendwa. Kuma in ruwa ya janye kar ku taka ƙasan nan ba takalmi, akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓoye tsakanin duwatsu, in ƙayar ta shiga tafin ƙafa karyewa take a ciki, sauran kwanakin da ɗingishi za a ƙarasa su. Wanda bai iya ruwa ba ya faɗi gaskiya ya sa rigar da ke hana nutsewa, ba wajen burge amarya ba ne. In igiyar ruwa ta fara jan mutum ciki kar ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a gicciye, ta gefen gaɓa, har ya fita daga hanyarta. Rana kuma tana ƙona baƙar fata ma, wallahi tana ƙonawa, sai kafaɗa ta fara saɓulewa a kwana na uku mutum ke yarda. A shafa man kariya duk bayan awa biyu, a kuma ɗauki na sauro, don sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a son faɗa. Ango ya tsara komai shi kaɗai wai zai ba ta mamaki, ya cika kowace rana da fita tun asuba, yau kallon kifi gobe hawan dutse jibi wani tsibirin, ita kuwa barci take so da hira. Ko kuma ita ta mayar da shi mai hoto, a sake a sake har rana ta faɗi bai zauna ba. Ku zauna tun a gida kowa ya faɗi abu biyu da yake so ya yi, ku faɗi nawa za ku kashe, sauran ranakun ku bar su ba tsari. In ma dole sai kun tsallaka wani tsibirin, kamar daga Mahe zuwa Pralin a Seshel wanda tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ruwa kuma daga Mayu zuwa Satumba tekun jijjiga yake sosai, to ku sha maganin hana tashin zuciya tun kafin ku hau, ku zauna ta baya inda iska ke kaɗawa, kar kuma a cika ciki da safe.