Darasi na Bakwai: Abin da Ke Kai Mutum Ma'aikatar Magajin Gari

Wajen mulki, birnin Tahoua gunduma biyu ne, ta ɗaya da ta biyu, kowace da ma'aikatarta, sai babbar ma'aikatar birni a samansu. Yamai kuwa gunduma biyar gare ta. Ma'aikatar magajin gari ita ce mutane ke kira meri. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa masu riƙon birane da gundumomi, amma ayyukan da ke kai talaka wurin suna nan yadda suke: takardun haihuwa, aure da rasuwa, takardun fili, tsabtar gari, da kuɗin kasuwa.

Kafin ka hau kabu-kabu, tambayi mai unguwa wace gunduma unguwarku take. Mutane da yawa suna shan rana a layi, sai sun kai gaban tebur a ce musu ba nan ba ne. Ka kuma san abin da ba na meri ba. Maganar famfo ta kamfanin NDE ce, ta wuta kuma ta NIGELEC. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa kotu ke ba da ita. In gobara ta tashi 18 ake kira, ƴan sanda kuma 17. Ranar Jumma'a aiki rabin yini ne, don haka mai buƙata ya yi sammako.

Takardar haihuwa

A nan za mu daɗe, domin duk sauran takardu daga wannan suke tsirowa. Ba a yin katin ɗan ƙasa ko fasfo sai da ita. Yaro yana iya shiga lakwal ya yi shekaru ba wanda ya matsa, amma ranar da za a rubuta sunayen masu jarrabawar BEPC, ta ƙarshen kwaleji, dole a kawo ta.

Dokar da ke aiki ita ce mai lamba 2019-29 ta 1 ga Yuli 2019. Ta ba da kwana 60 daga ranar haihuwa a sanar da hukuma. Sanarwar kyauta ce, takardar farko ma kyauta ce. Ba a biyan ko dala.

In an haihu a asibiti ko gidan haihuwa, akwai littafin sanarwa a wurin. Ungozoma ko ma'aikacin da aka ɗora wa aikin zai rubuta rana, sa'a, namiji ne ko mace, da sunan uwa da na uba. Daga nan bayanin ya wuce meri, a shigar da shi babban littafi, a sa hannu, a buga hatimi. In a gida aka haihu, sai a tafi wurin sanarwa mafi kusa, ko asibitin unguwa, ko meri kai tsaye. A ƙauyukan da ke kewaye da birni, galibi wurin mai gari ake samun littafin.

Ga inda aikin ya fi lalacewa. Ranar da mai jego ta bar asibiti jariri ba shi da suna tukuna, sai ran bakwai. Wurin suna a littafi yana nan fili, an ce a dawo bayan suna. Ran suna an yanka rago, an raba goro da dabino, baƙi sun watse, uwa ta shiga wankan jego, ba wanda ya sake tunawa. Kwana arba'in na cika saura ashirin kacal. Saboda haka dabara mafi sauƙi ita ce a ɗora wa mutum ɗaya aikin tun ranar suna: washegari ya koma inda aka haihu da katin awo na uwa, ya faɗi sunan, ya tambayi ranar da zai zo karɓar takarda. Ya kuma koma ya karɓa, domin takardu da yawa suna kwance a ofisoshi an gama su, masu su ba su zo ba.

Abu na biyu ya shafi Adar, wato yankin Tahoua, musamman. Maza da yawa suna wajen bida, a Abijan ko Libiya ko Najeriya, sai iyali su ce a jira mai gida ya dawo. Doka ba ta ce a jira shi ba. Uwa tana iya sanarwa, kaka ko kawu ko baffa yana iya yi, haka ma wanda aka haihu a gabansa. Abin da ake so shi ne sunan uba daidai yadda yake a katinsa. Ya ɗauki hoton katin da salula ya turo ta WhatsApp, ya wadatar a kwafi sunan ba kuskure.

Yadda ake ƙirga kwana 60: a ce an haihu 10 ga Maris. Maris kwana 31 ne, saura 21. A haɗa da 30 na Afrilu, ya zama 51. Saura 9. Wa'adi ya cika 9 ga Mayu ke nan. Kada a ƙirga da watan sama, domin takardun hukuma da kwanan watan boko suke tafiya.

Duba rubutu kafin ka tashi

Da Faransanci ake rubuta takardar, kuma sunayenmu suna da rubutu iri-iri a cikinsa. Mahamadou, Mamadou da Mohamed wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma wurin hukuma mutum uku ne. Haka Aïchatou da Aïssatou, haka Issoufou da Youssouf. In takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta lakwal ta ce Mamadou, to rigima na jiran yaron ranar jarrabawa ko ranar neman fasfo.

Ga yadda ya kamata zancen ya gudana a gaban tebur:

"Malam, don Allah karanta mini abin da ka rubuta, ban iya Faransanci ba."

"To Inna. Yarinya ce, Hadiza, an haife ta ran 10 ga Maris a Tahoua."

"Sunan uban fa? Ga hoton katinsa, duba ko sun yi daidai."

"Kin yi gaskiya Inna, na bar harafi ɗaya. Bari in gyara tun ban kai a sa hannu ba."

Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma ma'aikacin kirki ba ya jin haushinta. Kafin sa hannu, gyara aikin minti ɗaya ne. Bayan an sa hannu an buga hatimi, ma'aikaci ba shi da ikon kankare ko harafi guda, sai an bi ta kotu. Kai ma kada ka taɓa gyara takarda da alƙalaminka, ko da kuskuren a fili yake. Takardar da aka kankare ta mutu.

In kwana 60 sun wuce

Ba a rasa hanya ba, sai dai ta ƙara tsawo, kuma yanzu akwai kashe kuɗi. Meri ba za ta rubuta haihuwar ba sai da hukuncin alƙali, wanda a takarda ake rubuta "jugement déclaratif". Ana kai buƙata kotun yankin da aka haifi mutum, da shaidu biyu manya masu katin ɗan ƙasa waɗanda suka san haihuwar. Duk abin da zai nuna shekaru a tafi da shi: katin awo, katin rigakafi, takardar lakwal. In ba a san ranar ba, alƙali zai ƙiyasta shekara. Shi ya sa za ka ga takardun dattawa da yawa an rubuta "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza.

Mutane da dama suna tsayawa a nan, su naɗe takardar alƙali su kai gida. Aiki bai ƙare ba. Sai an kai hukuncin meri an kwafe shi cikin babban littafi, sa'an nan a ba ka takardar haihuwa.

Lokaci-lokaci alƙalai kan fito unguwanni, ƙauyuka da makarantu su yi zaman ba da waɗannan takardu ga jama'a da yawa a rana ɗaya, galibi kyauta. In ka ji sanarwa a rediyo ko bakin mai unguwa, ka kwashi duk yaran gidan da ba su da takarda, har da matan gida, domin su aka fi bari a baya.

Wanda takardarsa ta ɓace, ko gara ta ci, ko ruwan damina ya jiƙa ta, ba sabuwa zai yi ba. Ya koma merin da aka rubuta shi tun farko, ya faɗi shekara da lambar takarda, a fitar masa da kwafi daga littafi. Don haka rubuta lambar da shekarar a wani wuri daban, ko ka ɗauki hotonta. Yin takarda ta biyu don rage shekaru laifi ne a doka, kuma ranar da takardun biyu suka haɗu mai su ne zai sha wuya.

Ta asali kuwa ba a ba da ita ga kowa. In lakwal ko wurin aiki sun nema, yi fotokwafi, ka kai meri tare da ta asalin, ka sayi tambur, a gwada su, a buga hatimin da ke shaida kwafin daidai yake. Shi za ka miƙa. Ta asali ta koma cikin leda, cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa.

Aure da rasuwa

Su ma kwana 60 ne. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida aure ne, meri ba sake ɗaura shi take yi ba, rubuta shi take yi. Ana zuwa da katin ango da na amarya da shaidu. Amfanin takardar yakan fito daga baya: wajen kuɗin iyali na ma'aikaci a CNSS, wato asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wajen tafiya wata ƙasa da iyali, da kuma ranar da mai gida ya kwanta dama, matar ta tashi neman haƙƙinta.

Takardar rasuwa ita ce aka fi mantawa, domin zaman makoki ba ya barin tunanin ofis. Amma in mamaci ya bar kuɗi a banki, ko fansho, ko fili mai takarda, magada ba za su taɓa komai ba sai da ita. Bayan sadakar bakwai, ɗaya daga cikin dangi ya ɗauki katin mamaci, da takardar likita in a asibiti ya cika, ya je ya sanar.

Fili da gini

Takardar da mai gari ko sarki ya bayar ta shaidar gona ko gado daban take da ta meri. A filin da aka yanka aka yi loti, takardar meri ita ce "acte de cession", kuma tana ɗauke da sunan lotin, lambar rukuni, harafin fili da faɗinsa. Kafin ka ba da ko jaka ɗaya, ɗauki kwafinta ka je ofishin filaye na meri a buɗe littafi, a ga sunan wa ke kan wannan lamba. Sa'an nan ka je da mai awon fili ya nuna maka duwatsun iyaka huɗu da idonka. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku ba sabon abu ba ne, kuma kusan kullum wanda bai duba littafi ba ne ke asara. Bayan ciniki a juya takardar zuwa sunanka. In ka bar ta da sunan mai sayarwa, ranar da ya rasu magadansa za ka fuskanta.

Kafin gini ana neman izini. Kada ka ci hanya da katanga, kada ka gina a magudanar ruwa ko bakin gebe. Shekara uku ta fari ba ta nufin ruwa ya manta hanyarsa.

Kuɗi da rasit

Lanho, kuɗin rumfa, tikitin ran Lahadi a kasuwa, kuɗin fanso dabbar da aka kama tana yawo a gari, duk da su ake kwashe shara, a yashe lambatu, a gyara kasuwa. Mai biya yana da haƙƙin ya tambayi inda aikin yake. In lambatu ya toshe ko juji ya cinye hanya, ƴan unguwa su rubuta takarda ɗaya, mai unguwa ya sa hannu, a yi kwafi biyu. A miƙa ɗaya, a sa sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, a riƙe ta. Kuka da baki yana bin iska, amma da wannan kwafi za a iya komawa a ce ga ranar da muka kawo.

Duk abin da ka biya ka karɓi rasit, kuma ka karanta adadin. Mu da dala muke lissafi, takarda kuwa da faran take. Dala ɗaya faran 5 ce. In an ce dala ashirin, rasit zai nuna 100. Dala ɗari, 500. Jaka ɗaya, 1000. In ka ba da jaka aka rubuta 500, tambaya nan take. Masu tsayawa bakin ƙofa suna cewa kawo in shigar maka a gama yau, ba ma'aikata ba ne. Shiga da kanka ka tambayi teburin da kake nema.

Aikin aji

Kowa ya zo da takardar haihuwa ɗaya daga gida, tasa ko ta ɗansa. A nemo waɗannan kalmomi a kanta, a karanta abin da ke gabansu: "Prénom" (sunan yanka), "Sexe" (namiji ko mace), "Né le" (ranar haihuwa), "Père" (uba), "Mère" (uwa). A kwafi lambar takardar da shekararta cikin littafin rubutu.

An haifi yaro 20 ga Yuni. Wace rana kwana 60 za su cika?

An ce ka biya dala ɗari uku. Nawa ya kamata ka gani a rasit?

A gida, rubuta sunayen duk mutanen gidanku, manya da yara. Sa alama gaban wanda ba shi da takardar haihuwa, ka zo da jerin a zama mai zuwa.