Yadda Ake Haɗa Rabi da Sulusi

Ga rabin tiya na gero, ga kuma sulusin tiya. Nawa ke nan duka? Yara da yawa a nan Tawa sukan ɗauki 1/2 da 1/3 su tara lambar sama da ta sama, ta ƙasa da ta ƙasa, su rubuta 2/5. Kuskure ne, don 2/5 ko rabi bai kai ba.

Da farko rubuta 1/2 da 1/3. Dubi lambobin ƙasa. Su ke faɗa maka gida nawa aka raba tiyar, kuma muddin sun bambanta, ba a haɗawa tukuna.

Nemi lambar da 2 da 3 duk suke raba ta ba saura: 6 ce. Ninka sama da ƙasan 1/2 sau 3, ka samu 3/6. Na 1/3 kuwa sau 2, ya zama 2/6. Don Allah kada ka manta da ninka saman, nan aka fi tuntuɓe.

Yanzu tara na sama kaɗai, 3 da 2, ƙasan ya zauna yadda yake. Amsa 5/6.

Gwada da kuɗi ka gani: cikin jika 6, rabi jika 3 ne, sulusi jika 2, duka jika 5. Ɗebewa ma haka take: 3/6 a cire 2/6, saura sudusi, wato 1/6.