Ciwon wuyan hannu a kan keke: inda mahaya ke kuskure

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa a Katsina suka koma hawan keke. Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura, ma'aikaci daga Batagarawa, wannan ya kakkaɓe tsohon Phoenix ɗinsa, wancan ya sayi na hannu. Ba a jima ba sai ga kuka: wuyan hannu na ciwo, yatsu na sagewa. Sai a ce sanyi ne, a shafa man zafi a kwanta. Alhali sau da yawa wannan ciwo daga sirdi yake farawa.

Mutum ya ji sirdi na matsa masa ta gaba, sai ya sa mai gyara ya karkatar da bakinsa ƙasa. Daga nan jiki ya riƙa zamewa gaba, hannuwa su zama su ke tokare shi har a isa. Nauyin da ya kamata ya tsaya a sirdi da feda ya koma tafin hannu, inda manyan jijiyoyi biyu suke wucewa. Idan wadda ke gefe ta matsu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne ke sagewa. Idan ta tsakiya ce, babban yatsa ne da biyun da ke bin sa. Ka tsayar da keken a daɓe mai lebur, ka ɗora ɗan katako a kan sirdin, ka saita har katakon ya kwanta daidai.

Tsawon sirdi ma a duba. Ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ya wuce haka ya yi sama, nauyi zai koma hannu. A riƙa canzawa kaɗan-kaɗan, abu ɗaya a lokaci guda, don ka san wanne ya yi aiki.

Sai keken da ya fi ƙarfin mai shi. Wannan yana damuna ƙwarai ga yara 'yan makaranta da ake ba keken babansu. Yaro ya miƙa hannu iya miƙawa, gwiwar hannu ta sandare, kowane rami ya bugi wuyan hannunsa kai tsaye. Gwiwar hannu tana son ɗan lanƙwasa. A ɗaga kan keken, wato inda ake riƙewa, amma kada a wuce layin da aka zana a jikin ƙarfen, don yana iya karyewa. A kekunan zamani, a kwance ƙusar hannun birki a juya shi ƙasa kaɗan, yadda wuyan hannu zai miƙe da damtse in an kama.

Damƙe kan keke da ƙarfi, cika taya da iska har ta wuce adadin da aka rubuta a gefenta, rataya jarka ko ledar cefane a mariƙi maimakon ɗora su a kariyar bayan keke, duk suna ƙara wa hannu aiki. Roba mai taushi a mariƙi da safar hannu suna taimakawa, amma ba sa gyara sirdin da ya karkace.

Akwai kuma ciwon da sifana ba ta maganinsa. Idan sagewar ta kwana biyu ba ta tafi ba bayan ka ajiye keke, ko hannu ya fara kasa riƙe cokali, ka je asibiti, musamman in kana da ciwon suga. Wanda kuwa ya faɗi ya dafa ƙasa, ciwo ya tsaya masa a gindin babban yatsa, kada ya ce targaɗe ne ya sa a ja masa. Akwai ƙaramin ƙashi a wurin da kan karye ba tare da kumburi sosai ba, kuma yana da wuyar haɗewa in aka makara. A fara yin hoto tukuna.