Yadda na gyara OSPF da ya ƙi tashi bayan ɗaukewar wuta

Ofisoshinmu biyu ne a Maraɗi, ɗaya kusa da babbar kasuwa, ɗaya a hanyar Dan Issa. Ranar Litinin wuta ta ɗauke, da ta dawo sai rautocinmu biyu, wato na'urorin da ke haɗa ofisoshin, suka daina gane juna ta OSPF, tsarin da suke sanar da juna hanyoyin aika bayanai. Ping, saƙon gwada ko layi na aiki, yana tafiya lafiya lau, amma jerin maƙwabtan OSPF wayam.

Maigidana ya ce: «Malam, cire kalmar sirrin mana, aiki ya tsaya.» Na ce: «Alhaji, a ƙara mini haƙuri kaɗan.» In na cire kalmar sirrin da rautocin ke tantance juna da ita, duk wanda ya jona na'ura a layin zai iya cusa mana hanyoyin ƙarya. Nau'i na 1 na tantancewa, wato kalmar sirri zalla, shi ma ba mafita ba ne, haruffa 8 ne kawai, kuma a fili suke tafiya, manhajar leƙen bayanan layi ta Wireshark na nuna su ɓaro-ɓaro. Shi ya sa tun farko nake amfani da tsarin da ba ya bayyana kalmar sirrin, har na bar MD5 na koma HMAC-SHA-256 da ya fi shi ƙarfi.

Na duba lambar mabuɗin sirrin, daidai take a ɓangarorin biyu. Sai na buga umarnin show clock don ganin agogon rautar. Ashe agogon rautar reshe ya koma baya da shekaru, ni kuwa na sa wa mabuɗin ranar fara aiki, don haka a wurinta lokacinsa bai yi ba. Sabar NTP da ke saita wa rautar agogo kuma, ta OSPF ɗin ake kai mata!

Na saita agogo da hannu, cikin minti ɗaya maƙwabci ya kai FULL, wato cikakkiyar haɗuwa. Daga nan na kafa tsayayyiyar hanya zuwa sabar NTP wadda ba ta dogara da OSPF ba, na kashe rautar na kunna sau biyu, ta tashi da kanta.