Kurakuran da ake yi wajen farfaɗo da kamfanin da CAC ta soke

Galibi ba a tuna da tsohon kamfani sai buƙata ta taso: banki ya ƙi sakin kuɗi, ko magada sun ɗauko takardar fili suka tarar da sunan kamfanin mahaifinsu a kai. Sashe na 692 na dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ikon goge kamfanin da ya shekara 10 a jere ba ya aiki ko ba ya cika ƙa'ida, musamman miƙa rahoton shekara-shekara.

Kuskuren farko, rashin duba matsayin kamfanin a shafin hukumar. Wanda aka nuna ya daina motsi kawai, ana gyara shi da cike rahotannin da suka taru da biyan tara. Wanda aka goge kuwa, hanyarsa Babbar Kotun Tarayya ce. Kada ka ba wani ejan kuɗi don ya ce zai "gyara daga ciki".

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya je ya yi sabuwar rajista da suna mai kama da na da, ya ɗauka ya huta. A idon doka wannan wani kamfani ne daban, da lambar rajista (RC) daban. Filin, da asusun banki, da bashin da tsohon kamfanin ke bin mutane, ba za su bi sabon ba. Dukiyar kamfanin da aka rushe ma tana iya komawa hannun gwamnati a matsayin marar mai shi. Amma idan kotu ta maido da tsohon, ana ɗaukarsa tamkar ba a taɓa goge shi ba, da lambarsa da tarihinsa.

Sai jinkiri. Akwai wa'adin shigar da ƙara, kuma daga ranar da aka buga sanarwar sokewa ake lissafi, ba daga ranar da ka ji labari ba.

Wasu kuma na zaton sokewa ta wanke su daga bashi. Alhakin da ke kan daraktoci da masu hannun jari yana nan daram.

Kafin ka ga lauya, haɗa satifiket ɗin rajista, da rasitan haraji, da bayanan banki, duk abin da zai nuna wa alƙali cewa kamfanin na kasuwanci lokacin da aka goge shi. In daraktocin sun rasu, a fara da takardar kula da gado.