Yadda Ake Wanke Hanci da Ruwan Gishiri Ba Tare da Ruwan Ya Shiga Kunne Ba

Duk wanda ya shekara a Makka ko Jidda ya san halin da hanci ke shiga a ƙasar nan. A waje zafi da ƙura, a ɗaka mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na hura busasshiyar iska dare da rana, ga turaren wuta da uwargida ba ta yarda a kwana ba a saka ba. Ka tashi da asuba hanci a toshe, goshi ya yi nauyi, in ka yi sujada kamar an aza maka dutse tsakanin idanu. Larabawa su ce "hasasiyya" (alaji) ko "juyub anfiyya" (ciwon ramukan ƙashin fuska), mu kuma mura muke cewa, ko da ta shekara uku ba ta sake ka ba.

Ranar da wani likita a mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwarmu, ya ce in riƙa wanke hanci da ruwan gishiri, dariya na yi a raina. Mutumin da ke alwala sau biyar a rana za a koya wa zuba ruwa a hanci? Wannan tunanin ne ya ja min kwana huɗu da kunne a toshe. Kuma duk wanda na gani ya gwada ya watsar, daga maƙwabta har alhazan da ke sauka wurinmu daga gida, abu ɗaya ne ya kayar da shi: ya ɗauko sabon da hannunsa ya yi da alwala ya kawo nan. A alwala ruwan famfo kake ɗiba, ka shaƙa, ka fyace da ƙarfi. A wankin hanci dukkan ukun nan kuskure ne.

Amfanin abin ba ɓoyayye ba ne. Cikin hanci akwai wasu 'yan ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu tura majina da ƙura zuwa baya. In iska ta bushe majina ta yi kauri, sai su kasa. Ruwan gishiri yana tsinka majinar, ya kwashe ƙurar da ke tayar da atishawa, hanci ya samu sarari. Ba ya kashe mura, ba ya warkar da hasasiyya har abada. Sauƙi yake kawowa, kuma sauƙin ba kaɗan ba ne.

Ruwan

Kada ka tari ruwa daga famfo ka ɗura a hanci. A nan yawancin gidajenmu ruwa a tanki yake kwana, wani wayit ne, wato motar tankar ruwa, ke kawo shi, ya zauna a hazzan, wato tankin ƙasa, a tura shi na saman bene inda rana ke gasa shi har ka kasa wanka da shi da azahar. Ruwa mai ɗumi da ke zaune irin wannan shi ne wurin da ƙwayoyin cuta ke so. Akwai wata mai suna Naegleria fowleri, wadda in an sha ta ba ta yin komai, amma in ta bi ta hanci tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. A 2011 mutum biyu sun rasu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo, an kuma sha samun irinta a Karachi ta Pakistan. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma kuɗin kauce masa bai wuce kunna gas na minti biyar ba.

Ka tafasa ruwa ya yi minti uku zuwa biyar yana tafarfasa, ka sauke, ka rufe, ya huce har in ka ɗiga a bayan hannu ka ji shi kamar ɗumin jiki. Wanda ya kwana ya wuni, wato ya wuce awa 24, a zubar a dafa sabo. Ni har ruwan gora na sha sai na tafasa. In kana da hali, saidaliyya, wato kantin magani, na sayar da "mahlul milhi", ruwan gishirin da ake ƙarin ruwa da shi a asibiti, mai 0.9 cikin ɗari. Wannan ba sai ka tafasa ba, ba sai ka ƙara komai ba, sai dai in kullum za ka yi, aljihu zai ji.

Abu biyu da na gani da idona. Wani ya tari ruwan da ke ɗiga daga bayan mukayyif, wai ai tataccen ruwa ne. Ruwan da ya bi ta cikin ƙura da gansakukar inji ne, ko tsuntsu ban so ya sha. Wani dattijo kuma, ƙanin mahaifiyata da ya zo Umara, ya ce shi da zamzam zai yi. Na ce, "Kawu, zamzam ɗin ka sha, Allah Ya sa albarka. Amma jarkar da aka zuba shi da hannuwan da suka taɓa ta fa? In dai hanci za shi, bari in ɗora maka a wuta." Ya ce, "Kai ɗan nan, ka cika fi'ili." Amma ya bari na tafasa.

Gishirin

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi gorar matsawa da ƙullin gishirinta, irin NeilMed, ana samu a Nahdi da Dawa da sauran saidaliyyoyi. Gorar tana cin mililita 240, ƙulli ɗaya gora ɗaya, an gama. Ni gorar kawai nake saya, gishirin a gida nake haɗawa, don kwalin nan in safe da yamma kake yi ba ya jimawa.

Haɗin shi ne: ƙaramin cokalin shayi uku na gishiri, cokali ɗaya na bikarbonat soda. Ka gauraya a busasshiyar kwalba mai murfi. Duk lokacin da za ka yi wanki, ka ɗebi cokali ɗaya a shafe, ba mai tozo ba, ka zuba a ruwa mililita 240. Gishirin ya zama marar ayodin, wanda ba a ƙara masa komai ba, ka duba jikin ledar. Sodar kuma ba bekin fauda na kek ba ce, kuma don Allah ba kanwa ba. An taɓa tambayata ko ungurnu za ta yi. Ba za ta yi ba, ta tsaya a miyar kuka.

In ka ji zafi kamar an shaƙa maka barkono, gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Mutane na mamakin na biyun, amma ruwa zalla ya fi mai gishiri zafi a hanci. Duk wanda ya taɓa ƙwarewa da ruwan alwala ya san haka.

Tsayuwar, inda na sha kashi

A nan nake so a natsu. Ranar farko na tsaya a miƙe gaban madubi, na ɗaga kai sama kaɗan kamar mai ɗiga magani, na rufe baki, na matse gorar da ƙarfi ina shaƙa. Rabin ruwan ya gangara maƙogwaro na hau tari, hawaye na zuba. Da na ga haka sai na toshe kafar hanci ɗaya da yatsa na fyace iya ƙarfina. Nan take na ji "ɗus" a kunnen dama. Kwana huɗu ina jin muryar mutane kamar daga cikin rijiya, in na haɗiyi yawu kunnen ya yi ƙara. Dalili kuwa akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da cikin kunne, kuma matsi shi ke tura ruwa cikinta.

Ga yadda ake yi. Ka wanke hannu da sabulu. Ka tsaya gaban wurin wanke hannu ka sunkuya sosai, kamar kana duba wani abu da ya faɗa cikin magudanar. Fuska na kallon ƙasa, haɓa ta ɗan matso ƙirji. Ka buɗe baki, kuma kada ka rufe shi har ka gama. Ta baki za ka riƙa numfashi. Wasu na cewa "kkk" a hankali yayin da ruwan ke tafiya, don hakan na ɗaga ganda ta baya ta tare hanyar maƙogwaro. Na gwada, yana aiki, ko da yake yara za su taru su yi maka dariya.

Ka sa bakin gorar a kafar hanci ɗaya ya zauna daram, ba tare da ka cusa shi ciki ba. Ka matsa a hankali, irin matsin da za ka yi wa cikakken tumatir kana gudun ya fashe. Kada ka shaƙa. Kada ka haɗiya. Kada ka yi magana, ko an kira ka. Kai dai ka bar ruwan ya nemi hanyarsa. Bayan ɗan lokaci za ka ga ya fara zubowa ta ɗaya kafar, da farko ɗis-ɗis, sannan ya miƙe. Ranar da aka yi ƙura za ka ga abin da ke fitowa ruwan ƙasa-ƙasa, har ka yi mamakin inda ya ɓuya. In gora ta kai rabi ka cire, ka koma ɗaya kafar da sauran.

In da 'yar butar nan ce mai dogon baki da ake kira neti, ba a matsawa, karkata kai ake yi gefe har kafar hanci ɗaya ta hau saman ɗaya, goshi da haɓa su yi kusan daidai, ruwan ya gangara da nauyinsa. Ta fi taushi, kuma ita nake ba tsofaffi. Amma ni gora na fi so, ta fi fitar da majina mai kauri. Sirinji babba marar allura ma yana yi in babu ko ɗaya.

Sai fyacewa, wadda ita ce ta kai ni ƙasa. Kana nan a sunkuye, baki a buɗe, ka bar ruwan ya gama tsiyaya da kansa. Sannan ka hura iska ta hanci a hankali, kafofin biyu a buɗe, kamar mai huci. Ba a danne kafa ɗaya a tura da ƙarfi. In ka ji kunne ya fara cika ko ya yi ƙara, ka tsaya nan, gobe ma rana ce.

In kafa ɗaya ta toshe gam har iska ba ta wucewa, kada ka ce sai ka fasa ta da ƙarfin ruwa, kunne zai tafi. Ka yi wanka da ruwan ɗumi ko ka ɗan yi surace, ka jira ta sassauta. Mai ciwon kunne, da wanda aka yi wa aiki a hanci ko kunne kwanan nan, da mai yawan haɓo, su tambayi likita tukuna.

Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya min. Ruwa na maƙalewa a ramukan ƙashin fuska, ya fito lokacin da ya ga dama. Na taɓa yin wanki na fita sallar la'asar a gurguje, ina kai goshi ƙasa sai ga ruwa shar a kan kafet ɗin masallaci, ga mutum a dama ga mutum a hagu. Tun daga ranar, in na gama sai in sunkuya kamar mai ruku'u, in juya kai dama in juya hagu, tishu a hannu, har ya gama fita. Kuma nakan bar aƙalla awa ɗaya tsakanin wanki da kwanciya barci, in ba haka ba ya gangaro maƙogwaro cikin dare.

Feshi, da sauran bayani

Bahhah, wato feshin ruwan gishiri, irin su Sterimar da Physiomer, jiƙa hanci yake yi, bai kai wanki ba. Amma shi ne na aljihu: a Harami, a jirgi, a tantin Mina inda ba ka da wurin tafasa ruwa. Kada ka haɗa shi da irin su Otrivin. Wannan magani ne mai buɗe hanci cikin mintuna, kuma in ka wuce kwanakin da aka rubuta a takardarsa, hancin zai riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da ya sake ka. Na san masu yawo da shi a aljihun jallabiya shekara da shekaru. In likita ya rubuta maka feshin hasasiyya irin Avamys ko Nasonex, wanki ake fara yi, a jira hanci ya tsane, sannan a fesa. Ka riƙe da hannun dama ka fesa a kafar hagu, da hagu ka fesa a dama, bakin na kallon gefen kunne, ba guringuntsin tsakiya ba, don shi ke jawo haɓo.

Sau ɗaya a rana ya isa, sau biyu lokacin ƙura ko in mura ta yi tsanani. Da azumi a bari sai bayan buɗa-baki ko kafin sahur. Hadisin Laƙiɗ bin Sabira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa sai in ana azumi, to ina ga gora guda. Jarirai ɗigo ake yi musu, ba gora ba. Yaro mai wayo rabin cokali a rabin ruwa, shi ma bayan an ji ta bakin likitansa.

Gora kowa da tasa, kamar buroshin haƙori, ko mata da miji. In ka gama ka kwance ta, ka wanke da sabulun kwanuka, ka ɗauraye da dafaffen ruwa, ka kife ta a wuri mai iska, ba cikin banɗaki ba. Bayan wata uku ka sake sabuwa. In kuwa toshewar ta wuce kwana goma ba sauƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ko gefen ido ya kumbura, ko kai ya yi ciwon da ba ka saba ji ba, ko wuya ya sanƙare, ka ajiye gorar ka tafi asibiti a ranar.