Yadda ake gyara tsohuwar kujerar katako a yi mata fenti da kuɗi kaɗan

Yawancin tsofaffin kujerun da ake jingine wa a bayan ɗaki a Damagaram ba su mutu ba. Zafi da bushewar iska ne suka sa katakon ya tsuke, mahaɗa suka saki, fentin ya ɓare. Gyaransu bai kai kuɗin sabuwa ba, in dai mutum zai ba aikin kwana uku ko huɗu.

Fara da duba ƙafafu. Ka danna katakon da bakin ƙusa: in ya lotsa ko gari ya zubo, gara ta riga ka, sai kafinta ya canza wannan ƙafar. In lafiya yake, wanke kujerar da ruwan sabulu, musamman wurin ɗora hannu inda maiƙo ke taruwa, ka bar ta ta bushe a inuwa.

Sai mahaɗa. Kada ka biye wa masu buga ƙusa a duk inda ya yi motsi, domin busasshen katako tsagewa yake yi. Zare mahaɗar, kankare tsohon gam, shafa farin gam na katako, ka mayar. Ba sai ka sayi abin matsewa ba: karɓo tsohon tiyub wurin mai faci, yanka shi dogo-dogo, ka ɗaure tam har washegari. Ramukan ƙusa kuwa, kwaɓa garin katako da gam ɗin ka cike su.

Guga ita ce aikin, kuma nan ake yin ha'inci. A Kasuwar Dole za ka samu sanfefa, kowace da lambarta a baya. Mai lamba 80 ita ke cire tsohon fenti, 120 ta daidaita, 180 ko 220 ta yi laushi. Bi tsawon jijiyar katakon, kada ka gitta, in ba haka ba kowane karce zai fito bayan fenti. Ba dole ne ka cire fentin da ya kama da kyau ba. Kashe masa ƙyalli kawai, sabon zai samu wurin riƙewa. Wani tsohon fentin yana da dalma a ciki, ƙurarsa guba ce, musamman ga yara. Rufe hanci, yi aikin a waje, ka ɗan jiƙa sanfefar, ka kuma kori yara daga wurin. In ka gama, goge da tsumma mai ɗanshi.

A ganina fentin mai ya fi dacewa da kujera, don yana jure zama da ja a ƙasa. Gwangwanin lita ɗaya yakan wadatar da kujeru huɗu. In katakon madaci ne mai kyau, asara ce ka rufe shi da launi. Man ƙyalli mara launi ya ishe shi.

Kifa kujerar ka fara da ƙafafu. Shafin farko a ɗan tsinka shi don ya shiga katako. Tsoma bakin buroshi kaɗai, ka shafa siriri. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, wanda zai zuba hawaye ya kuma yi ta danƙo. Bar kwana guda tsakanin shafi da shafi, ka ɗan bi da 220 kafin na gaba.

Lokacin shafa shi ne sassafe, cikin zaure ko rumfa. Rana tana busar da saman fentin ta bar cikinsa ɗanye, ya yamutse. Ranar da hunturu ya taso da ƙura, haƙura. Sauran ranaku ma yayyafa ruwa a ƙasa tukuna. Wanke buroshi da kananzir, ka shanya tsummokaran nesa da murhu. Kada kowa ya zauna a kujerar sai ta yi mako guda, ko da ta bushe a taɓi.